Yadda ake zaɓen batir mai caji don tocilar infared ta ɗaukar hoto da dare

Mai ɗaukar hoto ko bidiyo da dare, ko tsuntsaye yake bibiya a bakin tabkin Madarunfa, ko kuwa so yake ya gano dabbar da take yi masa ɓarna a lambunsa na Jiratawa, da tocilar infared yake dogara, wadda kyamara take ganin haskenta amma idon mutum ba ya gani. Tocila ta yau da kullum idan batirinta ya yi rauni kowa yana ganin haskenta ya dushe, amma wannan sai dai hoto ya riƙa fitowa da duhu da dishi-dishi, mutum ya ɗora wa kyamara laifi alhali batir ne ya gaza.

Kafin ka je kasuwa, ka duba jikin tocilar ko takardar da ta zo da ita, ka ga nau'in batirin da take ɗauka. Mafi yawansu suna aiki da batirin litiyam mai lamba 18650, kuma lambar girmansa take nunawa, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Ƙarfinsa bolt 3.6 ne ko 3.7, yana kai wa 4.2 idan ya cika. Wasu sababbin tocila suna ɗaukar 21700, wanda ya fi kauri, ya kuma fi daɗewa. Inda ake yin asara shi ne wajen batura masu girma ɗaya amma ƙarfi daban. Batir 14500 girmansa ɗaya da ƙaramin pil na AA, sai dai shi bolt 3.7 ne, na AA mai caji kuwa 1.2, saboda haka idan aka zura shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba, zai iya ƙona ta nan take. Haka nan tocilar da aka ƙera don batirin CR123A guda biyu, irin wanda ba a yi masa caji, bolt 6 take jira, amma masu caji na 16340, masu girma ɗaya da shi, guda biyu suna kai wa 8.4. Idan tocilarka ta AA ce, ka nemi batir mai caji na Eneloop ko makamancinsa, domin yana riƙe caji watanni ko da an ajiye shi.

Sai batun tsawo. Akwai 18650 mai ƴar na'urar kariya a gindinsa, wadda take yanke wuta idan caji ya wuce kima ko batir ya zube ƙwarai, kuma wannan na'ura tana ƙara masa tsawo har ya kai kusan milimita 69. Wata tocilar ba ta rufuwa da shi, wata kuma sai batir mai ɗan tudu a ka, domin mai shafaffen kai ba ya taɓa ƙarfen cikinta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi da tocilar shagon, a gwada a gabanka. A ganina, wanda bai saba da batirin litiyam ba gara ya ɗauki mai kariya muddin yana shiga.

Babban abin lura shi ne lambar mAh, wadda take nuna yawan cajin da batir yake ɗauka, domin a nan ne ake yaudarar mai saye. Baturan 18650 na ƙwarai da manyan kamfanoni suke yi, irin su NCR18650GA na Panasonic, da 35E na Samsung, da MJ1 na LG, duk a wajen 3500 suke tsayawa. Don haka idan ka ga batir mai wannan girma a tebur a kasuwar Maraɗi an rubuta masa 6800 ko 9900 da manyan lambobi, ga shi da araha, to ka san ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa abin da yake cikinsa ko rabin na gaskiya bai kai ba. Nauyi ne yake tona asirinsa. Na gaske yana auna giram 45 zuwa 50, jabu kuwa yakan yi sakayau a hannu, wani ma bai wuce giram 30 ba. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ya isa ya raba gardama. Akwai kuma waɗanda ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta a sake musu riga. Idan ka ga tabon walda a kai ko a gindi, to tsoho ne, kada ka biya kuɗin sabo.

Lissafin daɗewa ba shi da wuya. Tocilar da take jan amfa ɗaya da rabi za ta yi kusan sa'a biyu da batir mai mAh 3000, kuma ba ta buƙatar baturan da aka yi don jan wuta mai yawa, irin 30Q na Samsung, sai in babba ce ƙwarai. Mai tocilar nanomita 940, lambar da take nuna nau'in hasken infared ɗinta, ya kamata ya tanadi batir na biyu da na uku, domin kyamara ba ta ganin wannan haske sosai kamar na 850, dole ya riƙa kunna ta a matakin ƙarshe. Idan tocilar tana ɗaukar batir biyu a jere, su zama iri ɗaya, saye ɗaya, a kuma yi musu caji tare.

Zafin garinmu shi ne babban abokin gabar litiyam. Ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma a watannin Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka yana iya kai wa can, balle cikin mota ko akwatin babur. Ka yi caji da asuba ko da dare, a kan siminti, nesa da katifa da tabarma, kuma kada ka tafi barci ka bar shi. Caja mai shigar USB, kamar na Xtar ko Nitecore, ita ta fi dacewa da mu, tun da tana aiki da faifan sola idan an ɗauke wuta, tana kuma tsayawa da kanta a bolt 4.2. Batirin da za a ajiye har wata da watanni a bar shi da rabin caji, a inuwa. Kada a zuba shi a aljihu tare da makullai ko silalla, domin ƙarfe yana haɗa kan batirin da jikinsa ya tayar da wuta, kuma wanda rigarsa ta yage a daina aiki da shi sai an sake masa wata.

Kafin ka fita da dare, ka auna kowane batir da mita irin ta masu gyaran waya. Wanda aka cika jiya amma yau ya sauko ƙasa da bolt 4 ya fara mutuwa. Don tabbatar da tocilar tana ci, ka haska ta ga kyamarar wayarka, inda yawanci za ka ga haske mai ruwan shunayya. Kada ka leƙa cikinta da idonka, domin ido ba ya ƙiftawa ga hasken da bai gani ba, kuma mai ƙarfi daga kusa yana iya yi masa lahani.