Kurakuran da ake yawan tafkawa wajen shafa wa jaket ɗin fata mai

Na gaji da ganin rigar fata mai kyau, wadda za ta iya yin shekara 20 a jikin mai ita, ta koma baƙar aba mai danƙo da wari saboda wani ya ce a shafa mata mai. Shawarar ba laifi ba ce. Fata tana son mai. Matsalar ita ce ba a faɗa wa mutum wane mai ba, nawa ne, kuma a kan wace irin fata.

Fata zaruruwa ce ƙanana masu sarƙe da juna. A majema, bayan an gama jima, ana shigar mata da mai wanda aka dama da ruwa, ya lulluɓe zaruruwan nan don su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa ta. Laushin da kake ji ke nan. Rana da zafi, da jiƙewa da bushewa, su ne ke rage wannan man a hankali, har zaruruwan su fara gugar juna suna karyewa. Aikinka shi ne mayar da ɗan abin da ya tafi, iyakarsa ke nan.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane cin riguna, shi ne yawan mai. Mutum zai shafa, ya ga fata ta shanye, ya ce ai ƙishirwa take ji, ya ƙara. Ta sake shanyewa, ya sake ƙarawa, har rabin kwalba ta tafi. To, fata za ta ci gaba da sha ko ta ƙoshi, domin ba ta da hanyar cewa ya isa. Ranar farko rigar tana sheƙi, kowa yana yabawa. Bayan mako biyu ko uku sai asiri ya tonu. Zaruruwan sun yi santsi fiye da kima, sun saki juna, gwiwar hannu ta yi jaka, bakin aljihu ya zube, kafaɗa ta rasa tsayuwarta. Launin ruwan ƙasa mai haske ya koma kusan baƙi, kuma ba bai ɗaya ba, dabbare-dabbare. Man ya ratsa ta ciki ya ɓata shafin rigar, daga nan ya kama kwalar farar rigar da kake sawa a ƙasa. Ƙura tana manne wa maiƙon, tana shiga cikin ɗinki da lanƙwasa tana goge fatar a duk motsin da ka yi. Idan zif ɗin ko maɓallan na tagulla ne, za ka ga wani kore-kore mai danƙo ya fito a gefensu, saboda man yana cin tagulla. Idan kuma aka ajiye rigar a wuri mai laima, fumfuna ta samu abinci.

Abin da ke ƙona mini rai a nan shi ne duk wannan ɓarnar ba ta da wani dalili sai gaggawa. Mai yana shiga fata cikin minti kaɗan, amma fitar da shi aiki ne na makonni, kuma ba ya fita duka. Ni ma'aunina ga rigar babban mutum shi ne mililita 15 zuwa 30, wato babban cokali ɗaya zuwa biyu, a rigar gaba ɗayanta. Fatar ɗan rago, da yake siririya ce, cokali ɗaya ma ya yi mata yawa a wasu lokutan. Ba a zuba mai a kan rigar kai tsaye, domin inda ya fara sauka nan zai bar tabo. A ɗiga kaɗan a kan farin tsumman auduga, a murza tsumman har man ya baje a cikinsa, sannan a bi rigar ƙyalle-ƙyalle: baya, gaba biyu, hannu biyu, ana zagayawa da hannu marar nauyi. A rataye ta awa 24. Washegari a goge da busasshen tsumma. Idan ka taɓa ka ji har yanzu da tauri a kafaɗa ko bayan hannu, sai ka maimaita a wurin nan kaɗai. Idan ka shafa yatsa ka ga maiƙo a kansa bayan kwana ɗaya, ka wuce gona da iri.

Wanda ya riga ya yi, ga iyakar abin da za a iya. A danna busasshen tsumma a kan wurin, kada a goga. A barbaɗa garin sitaci ko farar hoda da kauri, a bar shi ya kwana, a kakkaɓe da burushi mai laushi. A maimaita sau uku ko huɗu, a bar rigar a rataye inda iska ke ratsawa. Maiƙon sama zai ragu sosai. Launin kuwa, ka saki jiki da shi, da wuya ya dawo yadda yake. Kada ka ɗauko fetur ko kananzir wai za ka wanke man, za su tafi da rinin da man majema gaba ɗaya. Idan rigar mai daraja ce, a kai wa masu wankin fata, suna da sinadarin cire maiƙo.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, shi ne ɗauko man girki. Man zaitun ne aka fi yi wa talla, sai man kwakwa. Haba jama'a! Waɗannan mayukan idan suka daɗe suna shan iska lalacewa suke yi, su yi wari, kuma a cikin fata ba ka da yadda za ka juye su ka zubar. Man zaitun yana yawo a cikin zaruruwa, ya taru a wani wuri, bayan watanni ya ɓullo a matsayin tabo mai duhu a inda ba ka ma tuna ka shafa ba. Man kwakwa kuwa yana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyos, sai ka ga farin hazo ya rufe baƙar riga. Basilin da man jarirai ba sa wari, gaskiya ne, tunda daga ɗanyen man fetur ake samo su, amma basilin yana zama a sama yana tara datti, man jarirai kuma yana ratsawa ba tsayawa, yana iya sassauta gam ɗin da aka manne lanƙwasar bakin hannu da gindin riga da shi. Wanda ya shafa baƙin man mota kuwa, ba ni da abin ce masa.

Me za a shafa? Ni na fi yarda da man fata mai kama da madara ko kirim, wanda aka haɗa domin tufafin fata, musamman mai lanolin a ciki, wato maiƙon da ake samu daga ulun tumaki. Da yake an dama shi da ruwa, yana bajewa daidai, kuma yana da wuya ka cika shi. Man ƙafar shanu, wanda ake rubuta Neatsfoot a jikin kwalbarsa, mai ne na gaske, daga ƙasusuwan ƙwauri da ƙafafun shanu ake tatso shi, amma yana da ƙarfi kuma yana sa duhu. Na bar shi ga fatar sa ko ta doki mai kauri, mai duhun launi, wadda ta bushe sosai. Ka duba kwalbar: idan an rubuta cewa haɗi ne, yawanci an gauraya shi da man da ake samu daga fetur, ni ba na saye. Man mink, wanda ake samu daga kitsen wata ƙaramar dabba mai suna mink, ya fi dacewa da takalman aiki. A kan riga yana kashe hasken launi, kuma da yawa daga gwangwanayen da ake sayarwa da sunansa akwai kaki ko silikon a ciki. Wasu masu sana'ar suna rantsuwa da shi, ni dai ba na kusantar riga mai haske da shi.

Sai masu shafa mai ba su san fatar da ke hannunsu ba. Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wuri ɓoyayye. Idan ya shige nan take ya bar duhu, fatar buɗaɗɗiya ce, rini kawai aka yi mata, za ta sha mai da sauri kuma za ta canja launi, don haka a rage ma'auni. Idan ɗigon ya tsaya ƙuri a sama, an rufe fuskarta da fenti da wani siririn rufi, kuma yawancin rigunan kasuwa haka suke. Irin wannan ba ta shan mai sosai sai ta wurin ɗinki da inda rufin ya goge, saboda haka man da ka lafta a kanta a sama zai zauna. Fata mai gashi-gashi, wato suwed da nubak, ba a shafa mata mai ko kirim ko kaɗan. Gashin zai kwanta ya manne, ba ya tashi kuma. Burushinta daban, feshinta daban. Rigar roba mai kama da fata, wadda take ɓarewa tana zubar da ɓawo a kwala, ita ma mai ba ya yi mata komai, domin rufin robar ne ya mutu.

Gwajin ruwa bai ɗauke maka gwajin man ba. A shafa ɗan kaɗan a ƙarƙashin kwala ko cikin bakin aljihu, a jira kwana ɗaya cur. Duhun da ka gani bayan minti biyar ba shi ne na ƙarshe ba, yana iya washewa, yana iya zama. Ka duba tsumman kuma: idan launin rigar ya fito a jikinsa da yawa, man nan yana narkar da rinin, a ajiye shi.

Shafa mai a kan datti shi ma ya zama ruwan dare. Man yana ɗaukar ƙura da gishirin gumi ya shigar da su ciki. A fara kakkaɓe rigar da burushi, a bi ɗinki da ƙarƙashin kwala, sannan a goge da tsumman da aka jiƙa aka matse shi sosai. Idan da datti mai kama jiki, a yi amfani da abin wanke fata na musamman. Fata tana da ɗan tsami a ɗabi'arta, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulun wanki kuwa yana can sama wajen 9 zuwa 10, shi ya sa yake busar da ita. A bar ta ta sha iska har ta bushe kafin mai. Kuma ka lura da kwala da bakin hannu: duhun da ke wurin maiƙon jikinka ne da man gashi. Wanki suke nema. Ƙara musu mai ƙara ciwo ne.

Akwai masu shanya rigar a rana tsaka, ko su kunna mata na'urar busar da gashi da zafinta, wai don man ya shiga. Zafi yana sa man ya yi ruwa ya ratsa har shafi, yana koɗar da launi, kuma idan fatar tana da danshi yana iya tsuke ta ta ƙanƙance ta yi tauri, abin da ba ya gyaruwa. Ɗumin ɗaki da ɗumin tafin hannu sun wadatar. Rigar da ruwan sama ya jiƙa ma haka: a goge ruwan, a rataye ta a inuwa kwana ɗaya ko biyu, nesa da wuta, sai ta bushe a duba ko tana son mai.

Saura ƙanana. Man goge takalmi ba na riga ba ne, yana tsagewa a lanƙwasa kuma yana shafar kujera da tufafi. Tsumman goge jarirai mai danshi da turare mai sinadarin barasa suna cin rufin fata. Shafa mai kowane wata ɓarna ce, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, kuma sabuwar riga ba ta buƙatar komai a shekararta ta farko. Fatar da ta riga ta tsage, mai zai tausasa gefen tsagar ya hana ta ƙaruwa, amma ba ya haɗe ta. Hanga ta siririn ƙarfe tana huda kafaɗa, a nemi mai faɗi. Leda tana kulle danshi, a rufe rigar da ƙyallen auduga.

Idan ka ciro ta daga ajiya ka ga fari-fari a jikinta, kada ka yi saurin ɗauko mai. Abu biyu ne ke yin haka. Ko dai kitsen cikin fatar ne ya taso ya daskare saboda sanyi, ko fumfuna ce. Murza wurin da yatsa mai ɗumi na ɗan lokaci. Kitse yana narkewa ya ɓace, kuma ba ya wari, goge shi da busasshen tsumma ya isa, sai dai alama ce cewa man da ke ciki ya yi yawa. Fumfuna ba ta narkewa, tana fitowa ɗigo-ɗigo, tana warin laima. Ita sai a fita da rigar waje a kakkaɓe, a goge da tsumman da aka jiƙa da ruwan kal da ruwa rabi da rabi, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri, a bar ta ta bushe sarai a inuwa, a duba cikin aljihu da shafi ko ta ɓuya a can. Wurin ajiyar ma a gyara shi, domin fumfuna tana samun gindin zama idan laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ta daɗe a haka.