Yadda mai goyo za ta haɗa kayan zaman gida masu kyau a Legas

Yawancin amaren da ake kawowa Legas daga Arewa suna zuwa da akwatuna cike da leshi da shadda da manyan atamfofi, duk an ɗinke su cif daidai jikin budurwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu an haihu, sai ki leƙa gidan da hantsi ki tarar da ita da ɗaurin ƙirji da tsohuwar rigar maigida, kallabi ya zame, kayan lefe kuwa suna can cikin akwati suna fumfuna. Mutane su ce ta saki jiki. Ni dai abin da na lura da shi a Agege da Idi-Araba shi ne kayan nata ba a ɗinka su don zufar Legas ba, ba a kuma ɗinka su don macen da ke sunkuyo da miƙewa da shayarwa tun asuba ba. Gyaran abin bai kai kuɗin da ake zubawa a ankon biki guda ba.

Ki fara da zazzage akwati. Duk rigar da ba za ki iya ɗaga hannu ki sauko da tukunya daga kan kanta da ita ba, ko wadda sai kin tattare ta har wuya kafin yaro ya sha nono, ki mayar da ita cikin kayan fita unguwa. Kada ki bar ta a gaba da sunan sai kin rame, idan lokacin ya zo za ki same ta. Abin da kike nema riguna shida ne ko bakwai na kullum. Uku ba sa isa a garin nan, domin da damina sai wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Sai maganar yadi. Zafin Kano ko Sakkwato busasshe ne, kina zufa tana bushewa. Legas a bakin teku take, iskarta a jiƙe, zufa sai ta zauna miki a jiki. Ruwa yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, hunturun kuwa ɗan kaɗan ne wajen Disamba da Janairu. Saboda haka auduga ce kayan zaman gida, babu wata magana. Atamfar roba, wadda ta cika kasuwa yanzu saboda araha, tana da sheƙi kuma ba ta yamutsewa, amma tana riƙe zafi da wari, kuma da kin yi goyo da ita za ki ga ƙurajen zafi sun feso a ƙirjin yaro da bayanki. Araha ba ta ado.

A kasuwa, ki damƙi gefen atamfar a tafin hannu ki matse sosai ki saki. Auduga za ta bar alamar yamutsa, roba kuwa ta koma yadda take. Kada ki dogara da ɗiga ruwa a kai, sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana iya ruɗin ki. Idan kin kawo gida kuma kina shakka, zaro zare ɗaya daga bakin yadin ki kunna masa ashana. Na auduga yana warin ƙonanniyar takarda ya bar toka mai laushi, na roba yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. Wajen zane, ki zaɓi mai ƙananan zane da suka cakuɗe, launi mai ɗan duhu: ruwan ƙasa, shuɗi, kore mai duhu, ruwan goro. Su ne ke ɓoye tumbuɗi da ɗigon manja har ki samu sararin canzawa. Baƙi zalla yana nuna tabon nono fari tas, fari kuwa kin san sauran. Adire na Yarabawa, wanda aka san Abekuta da shi, yana da daɗin sawa idan na auduga ne, sai dai yana zuba a wankin farko, a ware shi daban.

Kasuwar Balogun da ke cikin Ikko, wato tsibirin Legas, ta fi ko'ina yawan zaɓi, amma da goyo a baya da cunkoson wurin ban ba ki shawara ba sai kin samu mai riƙe miki yaro. Oshodi ta fi kusa ga mutanen Agege da Mushin, kuma abin da kike nema akwai shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, kuɗin atamfa ya tashi, don haka a yi lissafi. Turmi ɗaya yadi shida ne. Doguwar riga sakakkiya tana cin kamar huɗu, biyun da suka rage su zama zanin goyo mai shiga da rigar, kin ga kwalliya ta fito ba tare da ƙarin ko sisi ba. Mai ƙaramin ƙarfi ta leƙa gwanjon Katanguwa ta wajen Abule Egba, ana samun dogayen riguna na auduga masu maɓalli a gaba da za su hau kan zani ko siket. Sabuwar atamfa kuma a jiƙa ta a ruwan sanyi a shanya kafin a kai ɗinki, domin auduga tana ɗan shigewa a wankin farko.

Yanzu mun zo inda kusan kowa ke faɗuwa, wato wajen tela. Yadi mai kyau da yawa ya lalace a nan.

Al'adarmu ce a aika wa tela tsohuwar riga a ce ya yi awo da ita. To wace riga ake aikawa? Ta kafin haihuwa, wadda ta fi yi wa mutum kyau a da. Ɗinki ya dawo, ƙirji ya ƙi shiga, hammata ta ɗame. Jikin mai shayarwa daban ne, kuma ko a yini ɗaya yana canzawa. Idan kina da tela mace, ki je ta auna ki da kanta, kina sanye da rigar nonon da kike shayarwa da ita, kuma kafin ki ba yaro nono, lokacin da ƙirji yake cike. Idan namiji ne telanki, ki sa wata ta auna ki a gida da tef ki rubuta masa, ki ce ya ƙara inci biyu zuwa uku a ƙirji. Awon da ke cikin littafinsa tun na ɗinkin biki, ki ce ya soke shi.

Sai zik. Hannun tela ya saba da sa zik a baya, ko kin faɗa masa yana iya mantawa. Zik a baya ba shi da amfani ga mai shayarwa, kuma idan kin yi goyo a kansa ƙirjin yaro yake kwanciya, ya yi ta gurzar sa. A gaba za a sa shi, a tsakiya, daga wuya ya sauko. Tsawonsa shi ne abin da za ki tsaya a kai da gaske. Na sha ganin an sa guntun zik mai inci takwas wanda ke tsayawa a tsakiyar ƙirji. Yaro yana tsala kuka, uwa tana ja da ƙarfi don nono ya fito, kafin sati biyu ɗinkin ƙasan zik ya yage, riga ta koma ta shara. Zik ya wuce ƙasan nono da kamar yatsu huɗu, ga yawancin mata inci goma sha huɗu ke nan ko fiye. Ya zama na roba mai ƙananan haƙora, domin na ƙarfe yana tsatsa a danshin Legas kuma yana karce kumatun jariri. A bayansa a ɗinka wani siririn ƙyalle da zai raba shi da fata, a gabansa kuma a rufe shi da ninkin atamfar yadda ba za a gan shi ba.

Akwai masu son ɓoyayyen zik biyu, ɗaya a kowane gefe, ko na kwance a ƙarƙashin ninkin ƙirji. A hoto suna da kyau. Ni ba na son su, domin siririn zik ɗin nan da ake ɓoyewa ba ya jure buɗewa sau goma a yini, kuma sai da hannu biyu yake buɗuwa. Mai jariri hannu ɗaya gare ta. Duk ƙofar da ba za ki iya buɗewa da rufewa da hannu ɗaya ba alhali ɗayan yana tallafe da kan yaro, ba ta yi ba. Maɓalli yana yi idan an ɗinke shi da ƙarfi, amma a riƙa dubawa, don yaro mai watanni bakwai babu abin da yake so kamar ya tsinko shi ya kai baki. Saboda wannan dalilin ne duwatsu da ƙananan tsakiyoyi na ado ba su da wuri a rigar zaman gida.

Ki hana tela yi wa rigar shafi. Telan zai ce, "Hajiya, ai ba za ta tsaya da kyau ba." Ki ce, "Malam, na ji, a bar ta haka, a dai gyara bakin ɗinkin ta ciki." Yadin shafin da suke sawa roba ne, kin ga kin sayi auduga da tsada kin koma cikin leda. Idan atamfar ba ta da kauri, shimi ta auduga ta wadatar.

Hannu ya tsaya a gwiwar hannu, ko ya ɗan wuce a sa masa roba mai laushi yadda za ki ture shi sama ki yi alwala ko wanke-wanke ya zauna. Faffaɗan hannun bubu yana shiga miya, yana kuma lilo kusa da wutar gas. Hammata a sake ta amma kada a zurfafa ta da yawa, in ba haka ba duk ɗaga hannun da za ki yi rigar gaba ɗaya za ta biyo ki. Wuya kada ya yi faɗi, domin yini za ki yi kina sunkuyo, a gidan haya kuma da maƙwabta ake haɗa tsakar gida. Tsawo ya tsaya a idon sawu. Riga mai jan ƙasa a nan ruwan kwata take sharewa idan an yi ruwa, kuma tana iya harɗe ki a matakala da yaro a hannu. Aljihu biyu, dama da hagu, masu zurfin da waya za ta shige ta ɓace, a kuma maimaita ɗinki a bakinsu. Mace ba ta sanin daɗin aljihu sai ta samu inda za ta jefa waya da makulli da canjin mai ruwa ba tare da ta cusa su a zani ba.

Kada ki ce rigar za ta zama buhu. Kyanta yana fitowa ne daga kafaɗa: idan kafaɗa ta zauna daidai, sauran ya sauko a buɗe, riga ta yi fasali. Mai son ƙugu ya ɗan fito ta sa a yi tattara a ƙasan ƙirji, ko a zura igiya ta ciki da za ta ja ta sassauta yadda jiki ya kama. Adon kuma a kai shi bakin hannu da bakin wuya da wani yadi mara zane wanda ya ɗauko launi ɗaya daga cikin atamfar. Ɗan wannan layin shi ke raba rigar da aka yi da niyya da rigar barci.

Kuma kada ki kwashi yadinki duka ki miƙa wa tela rana ɗaya. Ki ba da ɗaya tak. Idan ta dawo ki sa, ki ɗaga hannu, ki tsuguna, ki sunkuya kamar za ki ɗauki yaro, ki yi goyo da ita, ki shayar, ki wanke ta. Abin da ya matse ko ya yi yawa a gyara a kanta, daga nan ita ce rigar awonki, sauran a kwaikwaye ta. A guji kai irin wannan ɗinki ana saura wata guda Sallah, ba zai saurare ki ba.

Sauran kayan ba su da wahala. A kai, hula mai laushi mai ɗan roba ta fi kallabi zama, ki samu uku masu launin da ya shiga da rigunanki, kallabi a bar shi sai maigida ya kusa dawowa ko an yi baƙi. Hijabi ɗaya matsakaici mara nauyi ya zauna a ƙusa bayan ƙofa, na amsa sallama da raka yaro makaranta, amma a cire shi kafin a kunna gas, domin yadin hijabi roba ne, yana kamawa nan take ya narke a fata. Mayafin da sai an soka masa allura ba na mai jariri ba ne. Rigar nono ta auduga mai buɗewa ta gaba, mara ƙarfe, a ƙalla uku. Silifas na roba mai kama ƙasa, saboda santsin tayil da gansakukar tsakar gida.

Wajen wanki, tabon nono da tumbuɗi da ruwan sanyi ake fara wanke su, ruwan zafi kama su yake yi. Manja a goga masa sabulun wanke-wanke tun yana bushe kafin ruwa ya taɓa, abin da ya rage rana za ta cinye. Bilic kada ya kusanci atamfa. A juya riga a shanya ta bai-bai don kada launi ya koɗe, da damina kuma a rataye a ɗaki a sakar mata fanka, kada a ninke ta da sauran danshi. Idan kin girgiza ta sosai kin rataye a hanga tun tana jiƙe, ba sai kin jira wuta don guga ba. Ƙwallayen kafur da ake zubawa a akwati a nisanta su da kayanki da na jariri, likitoci suna gargaɗi cewa suna jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Turaren wuta ya isa, a turara rigunan a kan kabbasa lokacin da yaro ba ya ɗakin, a bari hayaƙin ya fita kafin a shigo da shi.