Yadda za ka yi wuni guda a Mahadiya

Daga birnin Susa na Tunisiya ka hau jirgin ƙasan da ke bi ta Monastir. Mahadiya ce ƙarshen layi, a gaɓar tekun Tunisiya. Ni da sassafe nake farawa da tashar masunta, lokacin da ake sauke kifin sardin, ƙarni har maƙogwaro. Daga nan ka shiga tsohon gari ta Skifa Kahla, ƙofa mai tsawo da duhu kamar zaure. In Juma'a ce, mata na baje kayan siliki a ciki. Ka yi salla a babban masallacin Faɗimawa (masu daular da ta kafa garin), wanda ba shi da hasumiya. Da la'asar ka taka har inda ƙasa ta ƙare, fararen kaburbura sun gangara bakin ruwa. Ka rage murya, ka yi musu addu'a.