Yadda za ka sa direba ya san da kai a cunkoso idan babur ɗinka na lantarki ne

Babur ɗin lantarki ba shi da salansa, ba shi da ƙugi. Idan kana tafiya a hankali, ɗan siririn sauti kawai yake fitarwa, wanda ko kai da ke kansa sai ka kasa kunne kafin ka ji. A buɗaɗɗiyar hanya wannan bai cika damuna ba, domin akwai fili, kowa yana hango kowa. Inda nake jin tsoro shi ne wuraren da ake jan ƙafa: bakin babbar kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, da la'asar, shataletale, da hawan gadar Binuwai idan manyan motocin da suka taso daga Ngawundare za su Kusuri da Njamena suka jeru, ga motocin auduga lokacin kaka sun ƙaru a kai. A nan ne direba zai karya kan mota ya shigo maka, in kun tsaya ya rantse da Allah bai gan ka ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Shawarar farko da mutane ke ba ni ita ce in ɗaura lasifika mai kwaikwayon ƙarar inji. Ni ban ga amfaninta ga direba ba. Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motocin lantarki na'urar fitar da sauti daga 1 ga Yulin 2021, tana aiki tun daga tashi har kilomita 20 a awa, da kuma lokacin ribas. A Amurka iyakar ta kai kilomita 30. Amma an yi dokar ne saboda masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, kuma motoci ta shafa, babu babura a ciki. Yanzu ka dubi direbanmu na nan. A watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mai esi ya ɗage gilashi. Lokacin hunturu kowa ya rufe saboda ƙura. Mai tasi ya ƙure rediyo, mai tirela yana zaune a kan injin da ya fi komai ƙara a titin. Ko babur mai fetur ma, salansarsa baya take kallo, sai ya wuce direba yake jin sa sosai. Saboda haka direba da ido yake sanin kana nan, ta cikin madubi. Can ya kamata kuɗinka da hankalinka su tafi.

Fara da fitila. Ka kunna ta gaba dare da rana, ƙaramar wuta, kada ka sa babba ka kashe wa mutane ido. Za a yi ta yi maka alama da hannu a hanya cewa ka manta fitila a kunne. Ka ɗaga hannu ka gode, ka bar ta yadda take. Wani bincike da aka yi a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, aka buga a 2004, ya gano cewa masu kunna fitila da rana haɗarin jin rauninsu ya ragu da kashi 27 cikin 100, masu sa tufa mai ƙyalli ko mai ɗaukar ido da kashi 37, masu farar hular kwano kuma da kashi 24 idan aka gwada da masu baƙa. Indiya ma tun Afrilun 2017 sababbin baburan da ake sayarwa a can fitilarsu tana kamawa ne da zarar an tayar da su. In kana tsoron cin caji, yi lissafi: batir mai bolt 72 da amfiya 40 yana ɗauke da wat 2,880 na awa guda, fitilar LED mai wat 10 kuwa ko ta yi awa cur tana ci, ba ta taɓa kashi 1 cikin 100 ba.

Fitila guda ɗaya a madubin mota ɗigo ce kawai, direba ba ya iya kimanta nisanka da ita. Na ƙara ƙanana guda biyu a ƙasa, dama da hagu na ƙafar gaba, suka haɗu da ta sama suka ba da kusurwa uku. Tun daga nan na lura motoci sun rage yanko mini hanya a mararraba. Ka sunkuyar da su su kalli ƙasa kaɗan. Ni rawaya na zaɓa, don ta bambanta da sauran fararen fitilun titi kuma ta fi yi mini daɗin gani cikin hazo. Shuɗiya ko ja mai walƙiya kada ka kusance ta, balle jiniya, waɗannan na jami'an tsaro ne da motar asibiti da 'yan kwana-kwana, kuma jandarma ba zai saurari hujjarka ba. Sannan tsumma. A hunturu ƙura tana rufe gilashin fitila cikin yini guda, ta gaba da ta baya duka. Ina ajiye tsumma a ƙarƙashin kujera, kafin in tashi da safe in goge, kafin in baro kasuwa in sake.

Tufa ba sai na tsawaita ba. Farar hula, riga mai haske, da tef mai ƙyalli a gefen hular da bayan akwati. In ka sa rigar ƙyalli irin ta 'yan acaba za a riƙa tsayar da kai ana cewa a kai ni Yelwa, amma wannan ƙaramin abu ne. Sai dai ka tuna jakar goyo tana rufe rigar gaba ɗaya daga baya, don haka ita ma a manna mata tef.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci kuwa ba a saye shi a shago, shi ne inda kake ajiye kanka a titi. Ƙa'idar da nake bi ita ce in nemi fuskar direba a madubinsa na gefe. In ina ganin fuskarsa, zai iya ganina. In ba na gani, to a wurinsa babu ni. Mu a nan hannun dama muke bi, direba yana zaune ta hagu, shi ya sa gefen dama na tirela ko tanka ya fi ko'ina haɗari. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka kutsa tsakanin tirela da bakin kwalbati, ko da ka ga filin ya ishe ka. Idan za ta karya dama, takan fara buɗewa hagu, sai ka ga kamar an ba ka hanya, nan take bayanta ya yanko ya rufe wurin. Gaban hancinta ma akwai wurin da direba ba ya gani saboda tsawon kan motar. In cunkoso ya ajiye ka gaban babbar mota, matsa gaba sosai, ka waiwaya, ku haɗa ido da direba ko yaron mota.

Idan kana ratsawa tsakanin layi biyu na motoci, kada gudunka ya ɗara nasu da fiye da kilomita 10 zuwa 15 a awa, yatsu biyu kuma suna kan birki. Ka riƙa kallon tayar gaba ta motar da ke kusa da kai, domin taya tana juyawa kafin jikin mota ya motsa, kuma ba kowane direba ne ke sa sigina ba. Duk inda ka ga gurbi ya buɗe a wani layi, ka sa a ranka wani zai faɗa cikinsa yanzu. Tasi kuma da ta rage gudu kusa da gefe, ƙofa ce za ta buɗe. A mararraba, in ka hango mota tana jiran shigowa, ɗan karkata babur ɗin hagu da dama cikin layinka sau ɗaya ko biyu, saboda ido ya fi saurin kama abin da ke motsi gefe da gefe fiye da wanda ke tahowa kai tsaye. Da sassafe da kuma gab da magariba ka dubi inuwarka. In ta miƙe doguwa a gabanka, rana tana bayanka, wato tana cikin idon duk wanda ke fuskantar ka.

Sai hon. Wanda ke zuwa da yawancin waɗannan babura ƙarami ne, muryarsa ba ta ratsa gilashi. A sauya shi, amma a wurin mai wayarin da ya san babur ɗin lantarki. Batirin yana ba da bolt 60 ko 72, fitilu da hon kuwa a mafi yawansu bolt 12 suke sha, ta wani ɗan akwati mai rage ƙarfin wuta. Wasu baburan kuma hon ɗinsu kai tsaye yake sha daga babban batir, shi ya sa dole a fara aunawa da mita. In aka jona hon mai bolt 12 a wayar 72, nan take zai ƙone. A karanta amfiyar da aka rubuta a jikin akwatin, a haɗa lissafin fitilu da sabon hon a ga ko zai ɗauka, a sa fiyus da rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta. Gwajin da nake yi kafin in bar wurin mai gyara mai sauƙi ne: in kunna fitilu duka, in matse birki, in danna hon. In fitila ta dushe ko allon gaba ya ɗauke, akwatin bai isa ba, a sa wanda ya fi shi. Bakin hon ya kalli gaba, ya ɗan sunkuya don kada ruwa da ƙura su taru a ciki, kuma kada a binne shi bayan roba. In bashi ka ɗauki babur ɗin ko yana da garanti, tambayi masu shi kafin a yanke ko waya ɗaya.

Danna shi kuma da ladabi: gajere sau biyu, tun kafin ka shiga gefen mota, ba bayan ta fara matse ka ba. Doguwar danna faɗa take jawowa.

Na baya ma yana buƙatar sanarwa. Wasu baburan lantarki, da ka saki totur suke rage gudu da kansu suna mayar da wuta batir, kuma ba dole fitilar birki ta kama ba. Sa wani ya bi ka a baya ya duba naka. In ba ta kamawa, ka saba da ɗan taɓa birki duk lokacin da za ka rage gudu, in kuma kai ne na ƙarshe a layi ka riƙa latsawa kana saki har motar da ke tahowa ta tsaya.

Inda sauti ke da amfani na gaske shi ne cikin kasuwa da lungunan unguwa, wurin mai baro, yarinya mai talla, almajirai, da makaho da ɗan jagoransa, waɗanda kunnensu ya saba da jin babur kafin su gan shi. A nan babban hon firgita mutum yake yi, ya yi tsalle ya faɗo gabanka. Ni ƙararrawar keke na ɗaura a hannun hagu, ina haɗawa da baki: gafara dai Baba, a ba ni hanya Hajiya. Idan kuma ka tsaya sayen wani abu, ko na minti ɗaya ne, kashe makulli. Babur ɗin yana kunne shiru, yaro ko fasinja zai iya dafa totur ya murɗa bai sani ba.