Yadda za ka gane ko garinku ya dace da zuwa aiki a kan keke

Kafin ka sayi keke, fara auna tazarar da ke tsakanin gida da wurin aiki. Mai tuƙi a natse yana cin kusan kilomita 15 a awa, wato kilomita 5 cikin minti 20. Idan tafiyar ta haura kilomita 10, ga zafin Afrilu da kan kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, sai ka yi shirin fita da sassafe da kayan canji a kariyar keke.

Daga nan sai ka bi hanyar da ƙafa ko a adaidaita, a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka lura da gudun motoci. Wannan ya fi faɗin titi muhimmanci. Inda mota ba ta wuce kilomita 30 a awa, keke na iya cuɗanya da ita. Inda take 60 ko fiye, sai da hanya ta daban. Shi ya sa manyan titunan Abuja, duk da kyansu, suka fi lungunan cikin birnin Kano haɗari ga mai keke.

Kada fenti ya ruɗe ka. Layin da aka shata a gefen kwalta ba ya hana mai adaidaita tsayawa ya ɗauki fasinja, ba ya hana mai tireda kafa teburinsa. Abin da Amsterdam da Kopanhagen suka yi shi ne raba hanyar keke da ta mota da dakali ko tudu, faɗinta wajen mita 2, yadda wani zai wuce wani. Ba sai an je Turai ba ma: Tamale ta Ghana da Wagadugu ta Burkina Faso suna da irin wannan keɓaɓɓiyar hanya a wasu manyan titunansu, sai dai masu babur ma nan suke bi.

Mahaɗa ce wurin da ya kamata ka fi daɗewa kana kallo. Ƙirga shataletale nawa ne a hanyarka, da wurin da tirela ko tifa ke karya kwana zuwa dama. Direban babbar mota ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa na dama, kuma tayoyin baya suna yanke kwanar fiye da na gaba. Tsaya bayanta, ka bar ta ta wuce. Gadar sama kuwa ba don kai aka gina ta ba. Bi ta ƙasa ko da za ka ƙara minti biyar.

Duba gefen titin ma. Yashin da iska ta tara yana kwashe tayar gaba in ka taka birki a kai, kwatar da ba murfi kuma da dare ba ta ganuwa. Bar ratar mita ɗaya tsakaninka da motar da aka faka, saboda ana iya buɗe ƙofa ta buge ka. Lokacin hunturu goge sarƙa duk mako ka ɗiga mata mai kaɗan, don mai da yawa ƙura yake kamawa ya cinye haƙoran da sarƙar ke hawa.

Saura wurin ajiya. Utrecht ta Holan ta gina garejin da ke ɗaukar keke 12,500 a tashar jirgin ƙasa. Kai dai nemi ƙarfen da aka dasa a ƙasa kusa da maigadi, ka zura sarƙar kwaɗo ta cikin jikin keken da tayar baya. In tayar gaba kaɗai ka ɗaure, ita za a bar maka.