Sitiyari na karkarwa a matsattsiyar kwana: kurakuran da ke sa a canza kayan da ba su lalace ba

Mota tana tafiya lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma da an murɗa sitiyari har ƙarshe za a yi fakin ko za a juya, sai ya kama karkarwa a hannu. Mai mota ya je gareji ya ce, "Malam, sitiyarina na rawa." In bakanike bai ƙara tambaya ba, da balansin da alaimen (daidaita nauyin taya da saita tsayuwarta) zai fara. Tayar da ba ta da balansin kuwa a guje take nuna kanta, galibi daga kilomita 80 a awa zuwa sama. Faifan burki da ya lalace, sai an taka burki ake jin sa. Babu ruwansu da motar da ke rarrafe a wurin fakin.

Babban kuskure shi ne rashin tantance lokacin da karkarwar ke zuwa. Ka samu fili, ka tayar da mota, ka murɗa sitiyari dama da hagu tana tsaye. Sannan ka ja ta a hankali kana zagaye, gaba da baya. Wannan gwajin kaɗai yana raba matsalar gida biyu.

In tana tsaye ma karkarwar na nan, to shaf da aksul, masu kai wa tayoyi ƙarfin injin, ba su da laifi, tunda ba sa juyawa. Buɗe murfin man sitiyari. Man da ya ragu yana barin famfon da ke tura man ya zuƙi iska, sai ka ga kumfa, ka ji famfon na kuka. Da yawa sukan ƙara mai su rufe, alhali mai ba ya raguwa sai da yoyo, kuma iskar da ta shiga tana nan. A toshe yoyon, a ɗaga gaban motar da jak, a yi ta murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe injin na kashe, ana cikawa, har kumfar ta ɓace. Kuma a karanta murfin ko littafin motar: wata man giya take sha, wata nata daban ne, gauraya su na iya cinye robobin ciki. Bel ɗin da ke juya famfon, in ya saki ko ya yi santsi, shi ma yana zamewa daidai lokacin da famfo ya ɗauki nauyi. Ana yawan cire famfo mai lafiya saboda bel.

Ɗabi'ar danne sitiyari a ƙarshensa a riƙe ita ma tana da nata. A nan matsin man yake kaiwa maƙura, man ya yi zafi, famfo ya yi gurnani. Da ya kai ƙarshe, sassauta kaɗan. Motar da sitiyarinta na lantarki ne kuwa ba ta da wannan man kwata-kwata, batir da cajin altaneta za a fara aunawa. In kuma kana jin "ƙas" daga saman taya, a duba boris ɗin da ke kan shokozoba.

In sai motar ta motsa ake ji, kunne ne zai yi aiki. Ƙas-ƙas-ƙas mai bin juyin taya, musamman in an ɗan taka totur a cikin kwana, kan shaf na waje ne. Leƙa bayan tayar, sau da yawa za ka tarar robar da ke rufe kan shaf ɗin ta yage, giris ya fantsama ko'ina. Wanda ya sa sabuwar roba bayan ƙarar ta fara ya makara, ƙasa ta riga ta ci ƙarfen.

Masu mota mai jan taya huɗu su ne suka fi shan wahalar banza. Wadda ake sa wa giyar taya huɗu da hannu, in aka manta da ita a kan busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke, alhali a kwana na gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. Sai motar ta riƙa turjewa tana tsalle. Cire giyar, magana ta ƙare. Wadda kullum huɗun ke ja, taya ɗaya sabuwa cikin tsofaffi uku ko tsohon man aksul na iya jawo irin wannan, kuma in man ne, canza shi da ainihin wanda kamfanin ya ce yakan wadatar.

Akwai ma karkarwar da ba cuta ba ce. A kwana, tayar ciki dole ta fi ta waje karkata, tsarin da wani mai suna Rudolph Ackermann ya yi wa rajista a Ingila a 1818. Masu ƙera mota ba sa bin lissafin ɗari bisa ɗari, don haka faffaɗar taya mai siririn gefe, in ta yi sanyi, takan ɗan ja ƙasa tana tsalle a ƙarshen sitiyari. In da tayoyi sun ɗumama abin ya ragu, kuma an girgiza taya a kan jak ba a ji lako-lako a tairod ko bol-joyin (mahaɗan da ke riƙe taya suna juya ta) ba, babu abin canzawa. Wanda ya sa taya da ta fi ta asali girma kuma, ya leƙa cikin modigas ya nemi wurin da ta goge.