Kurakuran da masu fito suka fi yi wajen neman lasisin tuƙa kwale-kwale

Daga Nafada zuwa Kupto har Dadin Kowa, a bakin Kogin Gongola cikin Jihar Gombe, akwai samarin da suka iya riƙon filafili tun kafin a sa su makarantar allo. Ka tambayi ɗayansu takardar tuƙi, sai ya ce maka, "Ai gado na yi." Gado kam ba abin rainawa ba ne. Shi ke sanar da yaro inda gurbi yake, da inda dorina ke kwanciya, da yadda Gongola ke sauya hali idan an yi ruwa a sama. Amma ranar da ka ɗauki mutum ya biya ka kuɗin fito, ka shiga hannun doka. Kogin Gongola yana cikin kogunan da ke ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke ba da izinin sufuri a kansa. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta sake tabbatar mata da wannan iko. Izinin Sarkin Ruwa da katin ƙungiya suna da muhimmanci a bakin kwata, amma ba sa zama a madadin lasisi.

Wasu kuma sun san ana neman takarda, sai dai ba su san ƙofar da za su buga ba. Hukumar NIMASA ta masu aikin jiragen teku ce, kuma mai wannan buri makaranta irin ta Oron a Jihar Akwa Ibom zai nufa. Mai fito a kogi ko madatsar ruwa, NIWA zai nema.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen dillalai. Wani zai zo kwata da jaka a hammata, ya ce, "Yallaɓai kawo hoto biyu da kuɗi, ba sai ka je ko'ina ba." Takardar da aka kawo maka ba tare da wani jami'i ya gan ka ko ya ga jirginka ba, ka yi shakkarta. Kuɗin hukumomin tarayya a asusun gwamnati ake biya, ba a hannun mutum ba. Ka je da ƙafarka, ko ku haɗu ta hannun ƙungiya ku nemi jami'an hukumar su zo har kwata, ka kuma adana rasit. Kafin a rubuta komai, duba sunanka ya dace da na katin ɗan ƙasa. Muhammadu a nan, Mamman a can, yana iya sa a dawo da kai.

Akwai kuma masu zaton takarda ɗaya ta wadatar. Kamar mota ne: takardun mota daban, lasisin direba daban. Jirgi ana yi masa rajista a duba lafiyarsa, matuƙi kuma shi ma da tasa shaidar. Maigidan da ya yi wa jirgi rajista ya miƙa wa yaron da ba shi da lasisi, bai gama aiki ba. Kafin ranar dubawa a toshe duk inda ke yoyo da gaske, ba da tsumma ba, a wanke fulogi, a duba farfela, a tanadi filafili da abin kwashe ruwa ko da jirgin mai inji ne.

Abin da ya fi damuna shi ne mai neman lasisi da bai taɓa jin dokar sufurin ruwa ta 2023 ba. Dokar ta hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta rigar kariya ga duk wanda ya shiga jirgi. Ka tsaya bakin ruwa ranar kasuwa da la'asar sakaliya ka gani: buhunan masara a ƙasa, babur a kai, awaki a ɗaure, mata da goyo a gefe, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce yatsu huɗu ba. Iska kaɗan ko motsin akuya ɗaya ya isa. Rigunan kuwa suna jibge a kan jirgi, an mai da su matashi. Matuƙi ya ƙirga fasinjansa tun a tudu, ya ba kowa riga, ya ja igiyarta da hannunsa ya ga ta kama jiki, domin wadda ba a ɗaure ba ta kai take fita idan aka faɗa ruwa. A nemi ƙananan riguna saboda yara. Idan Hajiya ta ce zafi take ji, a ba ta haƙuri, amma kada a tashi inji sai ta sa.

Bayan an karɓi takarda, a duba ranar ƙarewarta a sabunta kafin damina ta kankama, a kuma sa kwafinta a leda a riƙa tafiya da shi, ainihin kuwa a bar shi a gida.